Zomayen Tsohon Direba

Tsohon Direba ya ga abubuwa a rayuwarsa. Ya ga gada ta karye da mota a kanta, ya ga ɗan kamasho ya sayar wa mutum uku kujera ɗaya kuma kowannensu ya yi masa godiya, ya kwana a garuruwan da ko gaisuwarsu bai iya ba. Amma sai da ido ya fara yi masa gardama, ya ajiye sitiyarin tirela, matarsa ta rasu, ya dawo zama a gidan autansa, sannan ya ga abin da ya fi ƙarfin kansa: mace mai hankali, mai karatu, ta baje a tsakar falo da cikinta ƙato tana manna auduga a jikin kwali.

Ya tsaya a kanta da kofin shayinsa ya ce, "Amarya, wannan kuma mene ne?"

Amarya yake kiranta tun ranar da ɗansa ya auro ta, bai kuma ga dalilin sauyawa ba.

Ta ce, "Gajimare ne, Baba. A silin za a rataya, a ɗakin bebi. In ya buɗe ido sai ya gan shi yana lilo."

Ita ba ta cewa jariri, sai bebi. Wayarta na jingine a jikin gwangwanin gam, wata mata a ciki tana ta surutu da murmushi kamar mai tallar maganin haƙori, Amarya na bin ta yanka da yanka. Tsohon ya kalli audugar. Shi da ya yi shekaru yana duban gajimare na gaske ta gilashin mota don ya san ko zai ja tamfol a kan kaya, yau ga na kwali an yi masa kumatu.

Har ya juya zai wuce, sai maganar ta dawo masa. Ɗakin bebi. Gidan nan a hawa na biyu yake, kuma ba sai an kira mai awo ba: falo, kicin, ɗakin Auta da matarsa, sai ɗakin da shi yake kwana. To wanne ne na bebi?

Ɗakin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Gadon ƙarfe ne da ya zo da shi, da akwati, da rediyo, da hoton tirelarsa a bango. Abin da ya sa ɗakin ya zama ɗaki ita ce taga. Tana kallon babban titi sosai, inda manyan motoci ke rage gudu kafin su sha kwana. Kullum da hantsi zai ja kujera ya zauna, ko bai gani da kyau ba kunne ya ishe shi: wannan tankar mai ce, cike take, wancan ya ƙure wa motarsa kaya, ji yadda take nishi, wannan kuwa yaro ne aka ba mota, bai san lokacin sauya giya ba. Ya zage su ɗaya bayan ɗaya, ransa ya yi fari. Abin da ya rage masa na hanya ke nan.

Da yamma Auta ya dawo daga ofis, inda suke wuni a gaban na'ura suna latse-latse har a ce an yi aiki. Ya shigo ɗakin yana murza hannu, hannun nan nasa mai laushi kamar burodin safe.

"Baba, dama akwai wata 'yar magana."

"Na ga gajimarenta a falo."

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ba wai kora ba ce, Baba, Allah ya kiyaye. Sito ɗin nan na bayan kicin za mu gyara maka. A fitar da buhuna da janareta, a share tas. Ya ma fi shiru, ba ƙarar motoci."

Tsohon ya san sito. Tagarsa ba ta fi tafin hannu ba, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ya dubi yaron da ya ciyar da gumin ƙarar motoci yana yi masa albishir da shiru. Ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya."

Washegari ya sauka wurin Mai Faci, abokin hirarsa da ke da rumfa a bakin kwanar, ya zayyana masa komai.

Mai Faci ya tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda take kumfa, ya ce, "Kai ma da sanyi kake. Gidan ɗanka ne fa. Ka buga ƙafa a ƙasa ka ce ba inda za ka."

"Shi ya sa ka tsufa a kan faci," in ji Direba. "Ni na wuce shingen jami'ai fiye da gashin kanka, ban taɓa wuce ɗaya da faɗa ba. Ka yi faɗa da mace mai ciki a gaban mijinta, ai ka sauke kanka da kanka. Ka san yadda muke yi in mai kaya ya haɗa mu da wani ƙunshi da ba ma so a sauke a hanya? Tsakiya muke sa shi, mu ɗaure shi da sauran kayan, mu rufe da tamfol ɗaya. Duk mai son ya fitar da shi sai ya kwance lodin gaba ɗaya, sai ya haƙura. Haka zan yi da gadona. Zan sa shi ya zama kayan ɗakin. Inda gado ya tsaya kuwa, ai mai gado yana nan."

"To uwarta fa? Ba za ta zo zaman haihuwar ba?"

Direba ya yi tsaki mai tsawo. Uwar Amarya babbar mai shagon atamfa ce a wani gari, mace mai zobba a yatsu da magana ɗai-ɗai. Sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan. Ta hau matakala tana tattare zaninta kamar mai tsallake kwata, ta leƙa ɗaki-ɗaki, ta ce ita ba ta san a akurki aka ajiye mata 'ya ba, ta rantse ba za ta taɓa kwana a ciki ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta koma.

"Wannan?" in ji shi. "Ko da kujerar zinariya aka ɗauko ta ba za ta zo ba. Cire ta a lissafi."

Daga ranar Tsohon Direba ya zama wani mutum. Da safe ya fito falo ya naɗe hannun riga ya ce, "Amarya, kawo in taya ki. Jikana ne fa."

Amarya har da ƙwalla. Ta miƙa masa almakashi da kwalin madara, ta nuna masa yadda matar cikin waya ke yanka taurari a naɗe su da takardar azurfa. Ya zauna ya yi ta yanka. A ransa yana cewa, ɗan da ba zai bambance hancinsa da babban yatsan ƙafarsa ba, shi ake yi wa taurari. Shi Auta a cikin kwalin sabulu ya yi barcinsa na farko, da tsohon zani a ƙasa, ga shi nan ya girma har yana korar ubansa. A fili kuwa cewa yake, "Kai, wannan ya yi kyau. Ƙaro mini kwali."

Akwai wata aba mai kama da bindiga da ake sa wa wuta tana zubo da gam mai zafi. Ranar farko ta ɗiga masa a yatsa, ya yi wata ashar ta tasha a cikin maƙogwaro, ya haɗiye ta da murmushi.

Ranar hutu Auta ya ce shi zai zana raƙumin dawa a bango, wanda za a riƙa auna tsawon yaro a jikinsa. Ya sa tsohuwar riga, ya ɗaura ƙyalle a ka kamar mai shirin yaƙi, ya wuni yana gumi. Da ya gama ya ja da baya yana haki.

"Baba, ya ka gani?"

Abin da ke bangon kare ne da ya haɗiye bututu. Ƙafa uku a ƙasa, ta huɗun ta rasa inda za ta sauka.

"Kamar zai yi magana," in ji tsohon.

Amarya ta ɗauki hoto. Komai sai ta ɗauki hoto. A yanka kwali hoto, a shafa fenti hoto, a tsaya shan ruwa hoto. Wai tana tura wa 'yan uwa su ga yadda aiki ke tafiya. Shi bai damu ba, har gyara hula yake yi in ta ɗaga wayar.

Akwai wani abin lilo da suka haɗa da sanduna da zare, da ƙananan tsuntsaye na ƙyalle, wanda za a rataya a saman gadon jaririn. Auta ya ɗaura shi ya faɗo, ya sake ɗaurawa ya faɗo masa a ka. Tsohon ya karɓi igiyar ya yi mata ƙullin da yake yi wa lodin siminti. Mutumin da ya ɗaure kayan da ya fi gidan nan nauyi, yau ga shi a kan kujera yana ɗaure tsuntsun tsumma, ana tafa masa.

Abin da ya fi ci masa rai taya ce. Matar cikin waya ta ce a samo tsohuwar tayar mota, a wanke, a shafe ta da fenti rawaya, a sa mata matashi a tsakiya, ta zama wurin ajiye kayan wasa. Shi aka aika. Ya je rumfar Mai Faci ya zaɓi ɗaya yana ɓata rai.

Mai Faci ya riƙe ciki. "Direban tirela! Yau kai ne da tayar ƙaramar mota a kafaɗa? Me za a yi da ita, miya?"

"Rufe mini baki. Lodi nake ɗaurewa."

"Ka dai kula kada a ɗaure da kai."

Ya hau da ita bene yana tsayawa a kowane hawa, maƙwabta na leƙe. Ya wanke ta da sabulu, taya, da sabulu mai ƙamshi, ya shafe ta rawaya.

Da ya ga ya shiga ransu sosai, har Amarya ba ta yanke komai sai ta ce bari a tambayi Baba, sai ya jefa ƙugiyarsa. Suna cin abinci ne da rana, ya ajiye cokali kamar wanda tunani ya faɗo wa yanzu.

"Ni fa akwai abin da ke damuna. Wannan ɗaki da ake ta ƙawatawa, jaririn shi kaɗai zai riƙa kwana a ciki?"

Auta ya ce, "Haka ake yi yanzu, Baba. Wai yaro ya saba da ɗakinsa tun yana ƙarami. Akwai na'urar da ake sawa, in ya yi kuka mu ji."

"Na'ura." Ya jinjina kai. "In ya shaƙe fa, na'urar ce za ta ɗaga shi? In bargo ya rufe masa fuska? Ita Amarya ga gajiyar haihuwa, kai kuma in ka kwanta ko tirela ta bi ta kanka ba ka sani ba. A'a. Dole a samu babba a ɗakin nan. Mai shekaru, wanda ya ga yara, wanda barcinsa ba nauyi. A bar gado ɗaya na manya a gefe, kusa da taga."

Bai ce ni ba. Nan ne girman kai ya shiga. Yana so su ne za su faɗa, su roƙe shi, shi kuma ya ɗan ja rai kafin ya yarda. Ai ba a rasa gane wa ake nufi ba: wa ya kai tsohon direban dare rashin nauyin barci?

Amarya ta saki baki tana kallonsa, idonta na ƙyalli. Ta juya ta kalli mijinta, ta dawo kansa.

"Wallahi Baba ka kawo shawara. Ni abin bai ma zo mini ba. Amma gadon ƙarfen nan zai ɓata tsarin ɗakin, ka ga duk ya yi tsatsa."

"Bar mini wannan," in ji shi.

Ya sa takarda mai kaushi ya goge gadon har ƙarfen ya fito fari. Gadon da ya bi shi gidajen haya iri-iri bai taɓa ganin fenti ba, ya shafe shi rawaya irin ta taya. Ya farke katifar, ya fitar da tsohuwar audugar da ta dunƙule, ya sa sabon soso, ta yi laushi har hannu na nutsewa. A ransa ya ce ai ni zan mora. Sannan ya ɗauko basillarsa ta ɗinkin tamfol daga ƙasan akwati. Amarya ta yanka masa zomaye daga tsofaffin tawul, farare da masu ruwan toka, ya bi su ɗaya-ɗaya yana ɗinkawa a jikin zanin gado shuɗi, da maɓallai a wurin ido. Ya kusanto da ƙyallen dab da hancinsa saboda ido, yana soka basilla yana tsine wa kowane zomo da uwarsa. Amma ɗinkin ya kama, ko da ƙarfi ka ja ba zai saki ba. Da aka shimfiɗa, gadon ya zauna a ɗakin kamar da shi aka gina gidan.

Amarya ta yi ta ɗaukar hoto ta kowace kusurwa. Ta ce ya zauna a bakin gadon ya riƙe zomo ɗaya da ya rage. Ya zauna, ya riƙe, har ya yi murmushi.

Saura fentin bango na ƙarshe. Amarya ta ce warin zai dame shi, ga shi kuma hoton tirela da akwati da rediyo ba su shiga kalar ɗakin ba. Ko za a ɗan kai su sito kafin fenti ya bushe?

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"Ai ba komai, 'yata."

Da hannunsa ya kwashe. Da hannunsa ya jawo janareta gefe, ya shimfiɗa tabarma tsakanin buhun shinkafa da fankar da ta mutu. Ya kwanta a sito yana dariya a ciki. Gado ya riga ya shiga tsakiyar lodi. Bari fenti ya bushe.

Fenti ya bushe. Ba wanda ya ce masa ya dawo. Ya ce kunya ce ta yara, bari ya ba su kwana biyu su haɗa bakin da za su roƙe shi.

Ana nan wata rana da la'asar, yana rumfar Mai Faci, sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gidan, bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Direban tasin ya fara sauke akwatuna. Manya, masu taya, irin waɗanda ba a ɗauka don wuni ɗaya. Sai kuma buhu, sai kwando, sai fanka sabuwa a kwalinta. A ƙarshe ƙofar baya ta buɗe, hannu mai zobba ya fito ya dafa.

Mai Faci ya ajiye abin da ke hannunsa. "Direba, wannan ba wadda ka cire a lissafi ba ce?"

Tsohon ya tsallaka titi da saurin da ya manta yana da shi.

Ya tarar da su a ƙofar ɗakin bebi. Amarya ta rungume uwarta, Auta na ta rusunawa yana jan akwati kamar ɗan dako.

"Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam," in ji ta, ba tare da ta dube shi sosai ba. Ɗakin take dubawa.

Amarya ta ce, "Baba, ka ga abin da ka yi? Na yi ta roƙon Mama ta zo, ta ce ba ta da wurin kwana a gidan nan. Ranar da ka kawo shawarar nan na ce ai shi ke nan. Da na tura mata hoton gadon da ka gyara, ita da kanta ta kira ni. Mun ɓoye maka ne don mu ba ka mamaki."

"Kun ba ni," in ji shi.

Hajiya ta shiga. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗan motsa jiki tana gwada katifar, ta danna da tafin hannu. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, irin na mai saye da ba ta so mai kaya ya ga ta yaba. Sannan ta ɗaga kai sama.

"Wannan tarkacen fa?"

"Gajimare ne, Mama."

"Gajimare. Matattarar ƙura dai da gizo-gizo, a kan ɗan da ko hanci bai gama buɗewa ba. A sauke. Waɗannan ƙyalƙyalin ma, ɗaya ya faɗo ya shiga bakinsa ku ce me? Kai," ta nuna Auta da haɓa, "wannan karen na bango wa ya zana?"

"Raƙumin dawa ne, Mama."

"Allah ya ba shi lafiya. A jingina akwatunana a gabansa kada yaro ya firgita. Ita kuma taya a cikin ɗaki, gareji ne? A fitar."

Tsohon Direba na tsaye a bakin ƙofa yana jin maganganun da ya yi makonni yana haɗiyewa suna fitowa ɗaya-ɗaya daga bakin matar nan, ba ragi. Da a wani wuri ne da ya miƙa mata hannu. Abin da ya ƙona shi, ita faɗa kawai ta yi, a zaune, kuma ga Auta har ya hau kujera yana cizge gajimare. Ya kai kan abin lilon ya yi ta fama da ƙullin, ya kasa, sai da aka kawo wuƙa.

Wata tirela ta rage gudu a kwana, ta saki iskar birki. Hajiya ta yamutsa fuska, ta tashi ta ja tagar ta rufe, ta murɗa sakata.

"Wannan ba za a sake buɗe ta ba. Hayaƙin waɗannan mahaukatan direbobin ai sai ya kashe mutum. Akwai labule mai kauri a buhun can, a kafa shi yau."

Ta dawo kan gadon ta kama gefen zanin, ta juya bayansa tana duba ɗinkin da idon mai sayar da yadi. Ta ja kunnen zomo ɗaya, bai motsa ba.

"Wannan kam zai yi ƙarko. Amma wane tela ne ya yi muku ɗinkin buhu a zanin gado?"

"Baba ne da kansa!" in ji Amarya da alfahari. "Duk zomayen nan shi ya ɗinka. Ba ki ga hoton ba, yana riƙe da ɗaya?"

Sai a lokacin Hajiya ta dube shi da kyau, tun daga hula har takalmi, ta tsaya a kan farin gemunsa.

"Na gani. Na ɗauka wasa ne aka sa shi." Ta saki zanin. "Dattijo da kai, Malam. To, Allah ya ba da lada. Kowa da abin da ya iya."

Tsohon ya samu Auta a matakala yana saukar da taya. Ya tare shi.

"Kai, zo nan. Gadon wa na gyara?"

Auta ya ajiye tayar yana share gumi. "Baba, ai kai ka ce a samu babba mai shekaru wanda ya ga yara."

"Ni yaro ne?"

Auta ya kalle shi, da gaske abin bai taɓa zo masa ba. Sannan ya ce a hankali, "Baba, kai fa ko ni ba ka taɓa ɗauka ba sai da na fara tafiya. Inna ce ta faɗa mini, kana hanya. Ka iya sauya ƙunzugu?"

Tsohon ya buɗe baki. Ya tuna girman lodin da ya ɗaure, da dararen da ya raba ido biyu, da garuruwa. Ba ɗaya a ciki da ya shafi ƙunzugu.

"Kawo tayar," ya ce. "Kada ka karya ƙugu."

Ba a daɗe ba Amarya ta sauka lafiya, namiji. Kamar yadda duk mai hankali ya sani tun farko, jaririn bai taɓa kwana a ɗakin bebi ba. Yana manne da uwarsa a gadonsu, Auta ya koma kujerar falo. Ɗan ƙaramin gadon da aka yi wa ado ya zama wurin da Hajiya ke jibge zannuwanta. Ita kuwa babbar mai shekaru da barcinta ba nauyi, ko da rana ta miƙe a kan zomaye, minsharinta har kicin. Ta ce katifar ta karɓi bayanta, likita ma ya ce ta daina kwana a mai tauri. Ta aika a ƙaro mata kaya daga gida, ta bar shagon a hannun ƙanwarta. Ba wanda ya ji ta ambaci ranar komawa.

Amarya yarinya ce mai kirki, wannan ba a hana ta. Ta lura Baba ya yi shiru kwanan nan, sai ta tsinto gajimare ɗaya da bai lalace ba ta rataya masa a sito, saitin fuskarsa, don wurin ya ɗan yi fara'a. Ya yi mata godiya.

Yanzu da hantsi a rumfar Mai Faci yake shan shayinsa. Mai Faci ya ajiye masa tayar nan rawaya a gefen rumfa, da matashinta a tsakiya, ya ce ba mai zama a kai sai shi, tunda shi ya yi mata wanka. Daga nan ana jin motoci, har fiye da sama, sai dai ga ƙura, kuma a ƙasa kake, kana kallon tayoyinsu maimakon ka dube su ta ka. In ya ɗaga kai yana iya hango tagarsa a hawa na biyu, a rufe, da labule mai kauri ruwan ƙasa.

Wata tirela ta shigo kwanar da gudu, direban ya taka birki a makare, kayan bayanta suka karkata gefe ɗaya, tamfol na kaɗawa.

Mai Faci ya ce, "Direba, ba ka zage shi ba. Dubi yadda ya ɗaure lodi."

Tsohon ya bi motar da ido har ta ɓace. Ya kurɓi shayi, ya gyara zama a kan matashin.

"Bar shi," ya ce. "Shi ai har yanzu yana cikin motarsa."